RA'AYINMU: Jadawalin Na'ura da Ranar Kasuwar Maigatari

Akwai wata muhawara da ta kunno kai a tsakanin ƙungiyoyin ɗalibai na jami'o'inmu, wadda a ganinmu ta isa a tsaya a dube ta da idon basira tun ba a kai ga taɓa asusu ba. Kusan kowace ƙungiyar ɗalibai ta gari ko ta masarauta yanzu tana da shafi a Facebook, tana da zaure a WhatsApp, wasu ma har da X da Instagram. Da yake sakataren watsa labarai ɗalibi ne mai lacca da jarrabawa a wuyansa, sai aka shiga shawarar a nemi manhajar da za a riƙa zuba wa saƙonnin mako guda ko na wata guda, a yanka wa kowanne rana da sa'a, ita kuwa ta riƙa sakinsu da kanta ko da mai shafin yana barci. Shawarar ba ta da aibu. Abin da ya dame mu shi ne, kullum maganar daga sunayen manhajoji take farawa, wannan ya ce Hootsuite, wancan ya ce Buffer, alhali kuwa da wuya a ji wanda ya miƙe ya tambayi ko wane ne ake so saƙon ya isa gare shi, da kuma lokacin da kunnensa yake a buɗe.

Za mu ɗauki ƙasar Gumel mu yi misali da ita, watau ƙananan hukumomi huɗu da suka haɗu suka yi masarautar a arewacin Jihar Jigawa: Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Mun zaɓe ta ne domin 'ya'yanta suna da yawa a cikinmu, a Jami'ar Bayero da Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da Kwalejin Horon Malamai ta Gumel, kuma domin ƙasa ce ta bakin iyaka wadda lokutanta ba su bin agogon ofis.

Kada mai karatu ya ɗauka maganar gaisuwar Juma'a da hotunan shugabanni muke yi. Waɗannan ko sun makara ba wanda zai yi asara. Amma akwai saƙonnin da ɗalibin jami'a ne kaɗai yake jin labarinsu da wuri, kuma ta bakinsa ne kaɗai za su isa ƙauye: ranar da hukumar JAMB za ta rufe rajista, lokacin cike takardar neman tallafin karatu na jiha, yadda ake neman lamunin karatu na NELFUND da aka buɗe a watan Mayu na 2024, ranar karɓar katin zaɓe, zagayen allurar rigakafi, da hasashen damina da hukumar NiMet take fitarwa a farkon kowace shekara. Idan sanarwar rufe rajista ta isa wani ƙauye na Sule Tankarkar kwana biyu bayan an rufe, to yarinyar da ta gama sakandare ta yi asarar shekara guda cur, kuma duk wanda ya san ƙauye ya san abin da shekara guda a zaune take iya jawowa ga karatun ɗiya mace. Wannan shi ne nauyin da muke so a ɗora a kan ma'auni lokacin da ake zaɓen kayan aiki.

To, mutanen ƙasar Gumel suna da jadawalinsu tun kafin a ƙera wayar hannu, kuma babban ginshiƙinsa ranar Alhamis ce. A ranar ne kasuwar Maigatari take ci, kasuwar dabbobi da ake ƙirgawa cikin manya na Afirka ta Yamma, inda shanu da raƙuma da tumaki da awaki suke shigowa daga Jamhuriyar Nijar, ta wajen Damagaram da Dungas, a loda su a manyan motoci zuwa Kudu. Ban da kara, ga riɗi, ga zoɓo, ga gero da wake. Tun daren Laraba ake tahowa. Mutumin da ya yi mako guda a rugarsa ko a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun layin waya, ran nan yake shigowa gari, ya ba da wayarsa a rumfar mai caji, ya sayi kati, ya buɗe data, saƙonnin kwana bakwai su zubo masa gaba ɗaya. Yana cikin ciniki ba zai duba ba. Sai da la'asar, ko a bayan mota kan hanyar komawa, ko kuwa bayan isha'i a dandali inda za a taru a ji abin da ya zo da shi. Wanda ya fahimci wannan ya san cewa saƙon da ake so ya ratsa ƙauyuka a wannan mako, daren Laraba ne ko safiyar Alhamis ya kamata ya kasance a saman jerin saƙonni, ba a binne shi a ƙarƙashin gaishe-gaishen Litinin da Talata ba. Ya kuma san cewa dillali guda a kara, ko direba guda a tasha, ya fi mabiya ɗari biyar na shafi amfani, domin shi in ya ji, ƙauye goma sun ji. Kashegari kuma ga Juma'a, ranar da sanarwa take fita ta bakin liman ko mai shela bayan an idar da salla. Ran Lahadi a nufi Gujungu. Kowace ƙaramar kasuwa ta ƙauye tana da ranarta, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: ɗalibin da ya fito daga Gagarawa ya fi kowace manhaja sanin ranar da mutanen garinsu suke haɗuwa.

Shekara ma haka take. Da ruwan shuka ya sauka, daga asuba har azahar mutane suna gona, wayar tana rataye a bukka ko tana gida a kashe don tattalin caji. Da kaka kuɗi yake shigowa hannu, lokacin ne uba zai iya sauraron maganar kuɗin rajista ba tare da ya ɗaure fuska ba. Da rani samari sun watse ci-rani, Kano da Abuja da Legas, su kuwa a lokacin ne suka fi kusa da waya, har ma su ne suke zama gada tsakanin shafin ɗalibai da gida. Manhajojin da ake ta ambata suna da wani sashe da yake ba mutum shawarar sa'ar da ta fi dacewa ya wallafa saƙo. Lissafin yana fitowa ne daga motsin waɗanda suke kan intanet a kullum, watau mu ɗalibai da ma'aikatan birni. Manomin da yake buɗe data sau ɗaya a mako ba ya cikin ƙidayar, don haka shawarar da za ta fito shawara ce ta yadda za mu yi magana da junanmu.

Sa'an nan ga maganar wata. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana ja baya da kimanin kwana goma sha ɗaya a kowace shekara ta Bature. Azumin 2024 an ɗauke shi ran 11 ga Maris, na 2025 kuwa ran 1 ga Maris. Kalandar Google tana iya nuna ranakun Hijira a gefe, amma lissafi ne na ƙididdiga, alhali a ƙasar nan watan azumi da na Salla ba sa tsayawa sai fadar Sarkin Musulmi ta ba da sanarwar an ga jinjirin wata. A bakin iyaka abin ya fi haka sarƙaƙiya, domin akan sami shekarar da Nijar ta riga mu, kamar ƙaramar Sallar 2024 da suka yi ran Talata mu muka yi ran Laraba, ga shi kuwa 'yan'uwan juna ne a tsallaken biyu. Wanda ya tsara barka da Salla tun mako biyu kafin lokaci ya tafi hutu, yana iya wayar gari ya tarar shafinsa yana taya mutane murnar Salla suna bakin sahur. Wannan abin dariya ne kawai. Wanda ba na dariya ba shi ne a sa taron wayar da kai ko ranar cike takardu ta faɗa a kan hawan Sallar Gani, lokacin da hankalin garin Gumel duka yake ƙofar fada.

Magabatanmu a wannan sana'a sun san da haka. Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, da Abubakar Imam a kujerar edita, kwafi guda yakan zagaya hannu da yawa, mai karatu ɗaya yana karanta wa zaure. Masu majigi na zamanin En'e ba sa kafa farin ƙyalle sai bayan magariba, a ƙofar fada ko a filin kasuwa, bayan mai shela ya riga ya zagaya gari. Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, da Rediyon Kaduna da ya biyo baya a 1962, sun kama zukatan mutane ne da tsayawa a kan lokaci guda, har ya zama mutum yana iya saita al'amuransa da shirin safe ko na dare. Ko jirgin ƙasa na Kano zuwa Nguru da aka shimfiɗa wa dogo ta Gagarawa a wajajen 1930, abin da ya sa tasha ta zama gari shi ne an san ranar zuwansa. Darasin da muke ɗauka a nan ƙarami ne: shafin da aka san cewa kowane daren Laraba zai kawo sanarwar mako, ya fi shafin da yake zubo saƙo goma a rana ba tsari.

Yanzu bari mu zo kan haɗarin da ke cikin jadawalin kansa, wanda masu tallar manhajoji ba su cika faɗa ba. Saƙon da aka tsara jiya ba ya san abin da ya faru yau. A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamba na 2020, kuma Maigatari tana cikin iyakoki huɗu na farko da aka buɗe, tare da Illela da Seme da Mfun. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris na 2024. A farkon 2023 kuma canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, wa'adin da aka sa na 31 ga Janairu aka ɗaga shi zuwa 10 ga Fabrairu, ciniki a kasuwannin ƙauye ya tsaya cik. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, labarin da yake daidai da safe ya zama ƙarya kafin dare. Ka ƙaddara shafin da aka tsara masa sanarwar wa'adin farko tana ta maimaita kanta bayan an ɗaga; mutumin da ya gaskata ya kwashi ajiyarsa ya rabar a farashin banza, wa zai biya shi?

Akwai kuma ranakun da shiru ne ya kamata. A daren 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, maƙwabciyar ƙasar Gumel, mutum fiye da 150 suka rasu. A irin wannan safiya, na'urar da aka ba wa umarni tun makon jiya za ta saki tallar gasar ƙwallo ko hoton walima a kan sa'arta, domin ba ta da kunnen jin makoki. Jama'a kuwa ba za su ce na'ura ce ba. Za su ce 'ya'yanmu da muka tura jami'a ne ba su da ta ido. Saboda haka tambayar farko da ya kamata a yi wa kowace manhaja ita ce: in abu ya faru da tsakar dare, mutum nawa ne suke iya shiga su tsayar da jerin saƙonnin, kuma za su iya yin haka daga ƙaramar waya, da layi mai rauni?

In an zo maganar kuɗi, lissafin a bayyane yake. Hootsuite, wadda aka kafa a Kanada a 2008, ta soke tsarinta na kyauta a 2023, ba a samunta yanzu sai da dala, kuma an gina ta ne domin kamfanonin da suke da shafuka da yawa da ma'aikatan da ake biya albashi su kula da su. TweetDeck da 'yan jarida suka daɗe suna amfani da ita kyauta, a cikin wannan shekarar aka sauya mata suna aka sa mata kuɗi. Ita kuwa dala, wadda take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati kafin Yuni na 2023, ta haura naira 1,500 a 2024. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Ƙungiyar da take tara kuɗinta ɗari biyar-biyar daga aljihun ɗaliban da wasunsu sau biyu suke cin abinci a rana, in ta ɗauki wannan kuɗi ta miƙa wa kamfanin ƙetare kowane wata don a saki mata saƙo bakwai, lalle kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Kuɗin wata guda zai sayi data ga wakilai huɗu, ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, har a sami canjin da za a biya sanarwa a gidan rediyo.

Buffer tana da tsarin kyauta mai ɗaukar shafuka uku, da saƙo goma a jere a kowane shafi, wanda ya ishi ƙaramar ƙungiya. Amma ga wanda aikinsa bai wuce Facebook da Instagram ba, kamfanin da ya mallake su ya riga ya ba da Meta Business Suite kyauta, tana aiki a waya, tana da kalandar da za a ga saƙonnin mako a shimfiɗe, kuma da zarar an tsara saƙo ya bar wayar ya koma rumbun kamfanin, ko wuta ta ɗauke ko caji ya ƙare zai fita a kan lokacinsa. Ana kuma iya ba mutum fiye da ɗaya izinin shiga, kowa da sunansa, ba sai an raba kalmar sirri guda ba. A ganinmu wannan ta wadatar, kuma duk wanda ya kawo shawarar a sayi wata sai ya fara nuna wa majalisa abin da wannan ta kasa yi.

Sai dai duk waɗannan suna da gurgunta guda, ita ce ba su isa inda mutanen suke ba. Iyayenmu da ƙannenmu na ƙauye a WhatsApp suke, in ma suna da babbar waya ke nan, kuma abin da suke buɗewa saƙon murya ne. Dattijon da ya iya ajami bai iya boko ba, da matar da ba ta yi ko ɗaya ba, dukansu suna jin murya, suna kuma tura ta gaba. WhatsApp kuwa tana da ƙa'idojinta da ya kamata mai tsara jadawali ya sani. Abin da aka ɗora a matsayin hali na yini yana ɓacewa bayan sa'a 24, don haka wanda aka ɗora ran Litinin mai zuwa kasuwa ran Alhamis ba zai gan shi ba. Jerin aikawa na bai-ɗaya mutum 256 yake ɗauka, kuma ba ya isa sai ga wanda ya adana lambar mai aikawa. Tun 2019 aka taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda. Akwai wasu ƙananan manhajoji da suke alkawarin za su riƙa aika saƙon WhatsApp da kansu in an ba su izinin sarrafa waya; muna gargaɗi a kansu, domin wanda ya ba su wannan izini ya buɗe musu lambobi da hirarrakin duk mutanen da suka amince da ƙungiya, ga shi kuma tun 2023 ƙasar nan tana da dokar kare bayanan jama'a. Gara a ɗora wa mutum aikin: wane, kai ne mai daren Laraba. Muryar kuma ta zama gajera, minti ɗaya ko ƙasa, a faɗi kwanan wata a farkonta, domin saƙon murya ba ya tsufa a fuska, yana iya dawowa bayan shekara guda a ɗauka na yau ne.

Wani ƙaramin gwaji da muke so a yi wa kowace manhaja kafin a karɓe ta shi ne na haruffa masu lanƙwasa. A rubuta ɓ da ɗ da ƙ a ciki, musamman a kan hotunan sanarwa da ake ƙawatawa da salon rubutu iri-iri, a duba ko sun fito ko sun zama akwatuna. Wanda ya ga abin wasa ne ya tuna cewa tsakanin baki da baƙi, ko kasa da ƙasa, lanƙwasa guda ce. Abin kunya ne a ce ɗaliban jami'a, wasunsu ma Hausar suke karanta, su ne suke koya wa ƙannensu rubutun da bai bambanta ƙafa da kafa ba.

Kada kuma a manta cewa duk waɗannan zaurukan na aro ne, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Daga Yuni na 2021 zuwa Janairu na 2022 gwamnati ta dakatar da Twitter a Nijeriya. Ran 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kimanin sa'a shida. A watan Satumba na wannan shekara aka katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina saboda tsaro. A ƙarshen Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa, har da Jigawa, suka yi fiye da mako guda babu wutar lantarki. Jadawalin da yake zaune a cikin manhaja kaɗai, ranar da ta rufe ƙofa shi ma ya tafi. Don haka muke cewa uwar jadawalin ta kasance a wurin da ba ya mutuwa: littafi mai bango mai ƙarfi a ofishin ƙungiya, ko babbar takarda a jikin bango, a ja mata layi a rubuta rana, da saƙo, da wanda ake nufi da shi, da hanyar da zai bi, da sunan wanda zai aika, da sunan wanda ya tabbatar da gaskiyarsa. A yi kwafinsa a Google Sheets don waɗanda suke wasu makarantu su gani su gyara. A cikin layin hanya kuwa a bar gurbin rediyo da liman da mai shela da allon sanarwa na makarantar sakandare, domin su ma kafafe ne, kuma sun girmi sauran.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce ɗalibi ba shi da lokaci, za a ce ai dalilin neman na'urar ke nan, kuma abin da muke kawowa ƙarin aiki ne. Akwai gaskiya a ciki, ba kuwa muna cewa a jefar da jadawalin na'ura ba ne. Saƙonni iri biyu ne. Akwai waɗanda ba sa canzawa: tarihin masarauta, bayanin kwasa-kwasan jami'a ga 'yan sakandare, yadda ake cike takarda, nasihar tsabtar ruwa da damina. Waɗannan a zauna ran Asabar guda a tsara na wata, a huta. Akwai kuma waɗanda suka rataya a kan wa'adi ko farashi ko ganin wata ko halin iyaka. Waɗannan kada a tsara su fiye da kwana biyu gaba, kuma kada su fita sai mutum ya sake dubawa a ranar. In lokacin jarrabawa ya zo, a rage yawan saƙo, a bar na daren Laraba kaɗai. Ba wanda ya taɓa kai ƙarar shafi don ya yi shiru kwana uku, sai dai kamfanonin da ribarsu take cikin yawan surutunmu, su ne suke tsoratar da mu cewa in ba mu wallafa kullum ba za a manta da mu.

Saura magana guda, wadda ita ce ta fi kashe shafukan ƙungiyoyi, fiye da rashin wuta da rashin kuɗi. Shugabancin ɗalibai shekara guda ne. Sakataren watsa labarai yakan buɗe shafi da lambar wayarsa da adireshinsa na imel, ya tara mabiya da sunan ƙungiya, sa'an nan ya gama karatu ya tafi bautar ƙasa da mabuɗin a aljihunsa. Wani ya ɓatar da layin, wani ya yi fushi don ɗan takararsa ya faɗi zaɓe, wani kuma, mu faɗi gaskiya, ya juya shafin ya zama na tallar ɗan siyasa da zaɓe ya matso. Sabbin shugabanni su buɗe sabo daga sifili. Duk wanda ya bincika sunan ƙungiyar garinsu a Facebook zai iya tarar da shafuka uku ko huɗu masu suna ɗaya, ba a san na gaskiya ba, kuma irin wannan ruɗani ne 'yan damfara suke shiga ta cikinsa su sayar wa iyaye takardun tallafin karatu na bogi.

Saboda haka muna kira ga majalisun ƙungiyoyin ɗalibai na ƙasar Gumel, da sauran masu irin wannan hali, da su shigar da sharuɗɗa uku cikin tsarin mulkinsu kafin zaɓe mai zuwa. A buɗe kowane shafi da imel na ƙungiya da layin waya na ƙungiya. Masu cikakken izini su kasance uku, ɗaya daga cikinsu malami ne ko tsohon ɗalibi mazaunin gida wanda ba ya neman kujera. Ranar miƙa mulki kuwa, a gaban majalisa, a miƙa littafin jadawali tare da littafin kuɗi, a cire sunan mai barin gado daga masu izini, a canza kalmar sirri, sa'an nan a sa hannu a takardar sallamarsa.